Sunayen da ke bayan dutse: sojojin baƙar fata da zancen bauta

Sadiya:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya da na tashi daga aikin dare ban wuce gida kai tsaye ba, na bi ta filin nan na tsakiyar Boston da ke kallon majalisar jiha, akwai wani sassaƙen tagulla a wajen da na fi shekara uku ina wuce shi ban taɓa tsayawa ba sai jiya. Bature ne a kan doki, sojoji baƙaƙe suna tafiya a ƙasa gefensa, bindiga a kafaɗa bargo a naɗe a baya, yaro mai ganga a gaba. Abin da ya tsayar da ni fuskokin ne, kowa da irin tasa, akwai wani dattijo mai gemu wallahi sai ka ce kawuna na Gwammaja. Runduna ta 54 ce ta jihar Massachusetts, waɗanda suka yi yaƙin basasar Amurka a 1863. Na zagaya baya na ga sunaye, ashe tun 1897 da aka kafa abin sunayen hafsoshi farare ne kawai a jiki, na baƙaƙen da suka mutu sai a shekarun 1980 aka sassaƙa. Shekara tamanin da wani abu mutum yana tsaye da fuskarsa babu sunansa. Na dawo gida na kasa barci, shi ne na ce bari in kawo nan mu tattauna.

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam Anti Sadiya, Allah ya huta gajiya. Amma ni gaskiya ban ga abin da ya shafe mu ba. Ga namu sojojin nan ana kashewa a dajin Sambisa da Zamfara, wa ya san sunansu? matan wasu har yau suna zaryar haƙƙin mazajensu. Mu gama da na gida tukunna kafin mu yi kukan na Amurka.

Bukar:
Abba ya shafe mu fa, ni ya shafe ni har gida. Ka taɓa jin Muhammad Ali ɗan Sa'id? A Kukawa aka haife shi, babansa Barka Gana babban kwamandan yaƙin Shehu Laminu ne. Yana yaro mahara suka kama shi suka sayar, aka keta Sahara da shi ta Murzuk zuwa Tarabulus, daga hannu zuwa hannu har Istanbul, daga can aka kai shi Rasha, can ne aka yi masa baftisma aka sa masa Nicholas. Ya zaga Turai da maigidansa, ya ƙetara Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts ɗin nan dai, wato ƙanwar wadda Anti ta gani. Ɗan Barno ne ya ɗauki bindiga don a 'yanta bayi a Amurka, shi da aka sayar da shi daga ƙasarmu. Bayan yaƙi ya zauna a kudu yana koyar da 'ya'yan baƙaƙe karatu. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1873 amma ko kalma ɗaya bai sa ba kan aikin sojan da ya yi, kuma ka duba inda aka buga littafin, Memphis, tsakiyar waɗanda aka ci da yaƙi. Ni abin da na fahimta tsoro ne ya sa ya ɓoye.

Abba Fagge:
Ikon Allah. Wallahi yau na fara jin sunan. Amma ka ce ya bar addini?

Bukar:
An mayar da shi dai, yaro bawa a Rasha shi kaɗai ba uwa ba uba, wa zai kai wa ƙara. Hisabinsa yana wajen Allah. Ni tambayar da nake yi wa kaina ita ce su wa suka sayar da ɗan Musulmi tun farko.

Malam Habu Zariya:
Bukar Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda nake so. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi a sakandare, bari in ɗan ƙara wa Hajiya Sadiya bayani. Lokacin da yaƙin ya ɓarke a 1861 bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka, kuma da farko gwamnatin Lincoln ƙin ɗaukar baƙaƙe soja ta yi. Sai da shelar 'yanta bayi ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1863 aka buɗe ƙofa sosai, kafin yaƙi ya ƙare wajen mutum 180,000 sun shiga sojan ƙasa, wasu wajen 19,000 a na ruwa, kusan 40,000 ba su dawo ba kuma cuta ta fi harsashi cin su. Toh ga inda abin yake da ciwo, farin soja dala 13 ne albashinsa a wata, baƙi dala 10 sannan a zare 3 kuɗin kaki ya tashi da 7. Mutanen runduna ta 54 suka ce ba za su karɓi ko sisi ba sai an daidaita, suka yi wajen wata 18 suna yaƙi ba albashi iyalansu na gida cikin yunwa, har jihar tasu ta ce za ta cika musu gibin suka ƙi, don su ba kuɗin ne damuwarsu ba, a yarda su ma mutane ne cikakku. Majalisa ba ta gyara ba sai a 1864. A harin Fort Wagner kuwa ran 18 ga Yuli 1863 su wajen 600 suka tunkari ganuwa ta bakin teku da magariba, sama da 250 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. Kwamandansu Robert Shaw, shi ne na kan dokin, abokan gaba suka jefa gawarsa rami ɗaya da yaransa da nufin wulaƙanci, mahaifinsa ya ce a bar shi nan kada a tono shi.

Sadiya:
Allah sarki. Malam na gode, wata 18 ba albashi kuma kullum ana harbinka, ni ko wata ɗaya aka yi mana jinkiri gida rikicewa yake.

Malam Habu Zariya:
Kuma ki sani baƙin soja idan aka kama shi ba fursunan yaƙi ake ɗaukarsa ba, ko a mayar da shi bauta ko a kashe. A Fort Pillow cikin Afrilun 1864 bayan sun ajiye makami aka bi su ana harbewa. Shi ya sa nake cewa ba yadda za a yi ka ba da labarin sojan nan ka tsallake bauta, don ita ya fito yaƙa, ita ce kuma ke jiransa in ya faɗa hannu.

Nura Kawo:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa jikina ya yi sanyi, don kakana na tuna. Baba Soja muke ce masa, ya je yaƙin Bama. A Kawo na tashi kullum ina wuce barikin Dalet, sai da na girma na san Dalet ɗin wuri ne a Bama inda mutanenmu suka yi yaƙi, haka Myohaung da Arakan na Legas, Chindit na Zariya kuma sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a can, duk daga can sunayen suka zo. An sa wa bariki sunan wurin, mutanen da suka mutu a wurin kuwa ko mu jikokinsu ba mu san su ba. Yana da wani gwangwanin alawa da yake ajiye lambobinsa a ciki, ɗaya tauraro ce da ƙyalle ja da shuɗi, duk ranar sallah sai ya fito da su ya goge da toka da lemon tsami ya mayar, bai taɓa maƙalawa a riga ba ko sau ɗaya. In damina ta yi ƙarfi ba ya barci, sai ya zauna a zaure ya ce ruwan Kaladan, wani kwari a Bama, ya fi wannan, wai kaya a ka suke ɗauka cikin dajin da ko alfadari ba ya shiga, matsattsaku cike da ƙafa. Mu yara dariya muke yi muna ce masa ya yi mana fareti. Ya rasu da faci a wandonsa. Yau da zan same shi awa ɗaya kawai da na zauna na rubuta komai.

Hajiya Ladidi:
Allah ya jiƙan Baba Soja, ya sa ya huta. Nura ka sa ni hawaye.

Mamman Sani Maraɗi:
Amin. Mu nan wajenmu Faransa ce ta kwashi kakanninmu, ana ce musu sojan Senegal amma daga ko'ina cikin yammacin Afirka anka ɗebo su har da Nijar. Sun yi yaƙi, wasu sun sha zaman fursuna hannun Jamus, da nasara ta matso a 1944 sai anka janye baƙaƙe daga fagen daga anka sa farare wurinsu. Waɗanda anka maido barikin Thiaroye kusa da Dakar sunka ce a biya su kuɗinsu da anka riƙe, ran 1 ga Disamba 1944 da safe anka buɗe musu wuta. Sojan Faransa sunka ce mutum 35 ne, masana tarihi da yawa na cewa ɗaruruwa ne. Shekara 80 kafin shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi, a 2024. Kuma fanshon waɗanda sunka rayu an daskarar da shi a 1959, anka yi shekaru tsoho a Zinder na amsar ɗan abin da bai kai ya kawo ba, abokin yaƙinsa a Faransa na amsar ninkin ba ninki.

Awudu Kumasi:
Mu ma a Gana haka ne. 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojan da suka dawo daga Bama suka yi maci za su kai takardar koke wajen gwamna a Ankara, ba makami a hannunsu, aka harbe uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Daga nan gari ya kama da wuta, shekara tara bayan haka muka samu 'yanci. Su dai ukun nan kowace shekara ana zuwa wurin ana ajiye fure, yaran makaranta sun san sunansu. Amma 'yan zango nawa ne suka je yaƙin nan, ba wanda ya lissafa mana.

Abba Fagge:
Toh na yarda, na janye maganata ta farko, ciwon iri ɗaya ne. Amma ina da magana biyu kuma don Allah kada a ji haushi. Na ɗaya, sojan nan na Turawa da muke tausayi ai irinsu ne suka fasa ganuwar Kano a 1903 suka wuce Sakkwato suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, kuma yawancinsu Hausa suke ji. Su ma jarumai za mu kira su? Na biyu, zancen bauta. Ta Amurka daban tamu daban. A nan bawa yana zama Shamaki ko Ɗan Rimi ko Sallama a fadar Kano, ana jin tsoronsa, ɗan ƙwarƙwara yana zama sarki. Tono wannan zance yanzu ba abin da zai haifar sai gaba, a bar kaza cikin gashinta.

Malam Habu Zariya:
Abba tambayarka ta farko mai nauyi ce kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne su ne suka harba. Amma ka bi salsalar rundunar, a 1863, shekarar da ake ɗaukar baƙaƙe soja a Amurka, a Legas wani hafsan Ingila Glover ya tara 'yan Hausa ƙalilan ya ba su bindiga, daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsu har yau, kuma da yawan waɗanda suka shiga bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Mutumin da aka kamo a hari aka sayar da shi kudu, wanda ya ba shi kaki da albashi ya ce ba mai sake sayar da kai, kana tsammanin wa zai bi? Ban ce sun yi daidai ba, ni ma jinin waɗanda aka harba ne. Cewa nake ko labarin cin ƙasarmu ba zai fahimtu ba in ka cire bauta daga ciki. Game da ta biyu, eh akwai bambanci, akwai murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa, akwai fansa, a Amurka kuma launin fata aka ɗaura wa abin har jikan jika. Sai dai Shamaki mutum nawa ne? Sauran suna rinji suna noma, wasu an ɗaure su an nufi Sahara, wasu an gangara da su teku. Hausawa sun isa Bahia a Brazil da yawan da har suka shirya tawaye a 1807, a 1835 kuma Musulmin garin suka tashi cikin azumi da layu a wuya. Ta wace hanya suka isa bakin teku in ba ta hannun mutane irinmu ba. Dokar Lugard cewa ta yi wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakata an haife ta kafin nan.

Hajiya Ladidi:
Abba ɗana, kazar nan da ka ce a bari cikin gashinta ai ba a bar ta ba, ana fige ta a ɓoye ne. 'Yar ƙanwata ta yi shekara biyu da wani yaro, yaron kirki mai sana'arsa, an kai gaisuwa an sa rana, har an fara sayen kayan ɗaki. Sai wata gwaggo ta tafi bincike ta dawo ta ce kakan kakansa bawan gidan wane ne, cucanawa ne. Shi kenan aka mayar da kaya. Ina zaune a tsakar gidan lokacin da aka fito da akwatunan, uwar yaron ta zo karɓa da kanta ko zama ba ta yi ba, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya tono, ta juya. Yarinyar ta yi wata uku ba ta fita. A aji ba a koyarwa, a mumbari ba a faɗa, amma ranar aure kowa ya san asalin kowa. In za a yi amfani da shi a hana aure toh gara a fito da shi fili a faɗa wa yara yadda aka yi mutum ya zama bawa, su san ba laifinsa ba ne.

Ustaz Kabiru:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Hadisi ne ingantacce a Buhari, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Kuma tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba, wato tun lokacin ana kama su ke nan. Wanda ya goranta wa mutum da asalin bauta ya tuna wa ya hau kan Ka'aba ya yi kiran salla ranar da aka buɗe Makka.

Mamman Sani Maraɗi:
Kuma kada a ce zancen da ne. Nijar sai 2003 ta sa hukunci a kan bauta cikin doka, a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda anka sayar tana 'yar shekara 12. Da ranta.

Abba Fagge:
Hajiya ki yafe ni, ban san abin ya taɓa gidanku ba. Har yanzu ina tsoron yadda za a koyar da shi ba tare da yara sun fara nuna juna a aji ba, wannan ɗan bayi wancan ɗan masu bayi. Malam kai da ke cikin aji ya kake yi?

Malam Habu Zariya:
Da mutum ɗaya nake farawa, ba na farawa da ƙabila ko gida. In ba su labarin yaro ɗaya da aka kama, inda aka bi da shi, abin da ya zama. Ba a taɓa nuna wani a ajina ba, shiru dai suke yi, wani lokaci har a buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Bana da ɗan Kukawan nan na Bukar zan fara.

Sadiya:
Abba tsoron nan naka shi ne ake ta rigima a kai a nan, wasu na cewa yawan zancen bauta a makarantu da gidajen tarihi yana zubar da ƙimar ƙasa. A 2025 har shafin da ke ba da labarin aikin sojan Jackie Robinson, shahararren baƙar fata ɗan wasan baseball, aka sauke daga intanet ɗin ma'aikatar tsaro, sai da mutane suka yi ca aka mayar. Wata tsohuwa da nake jinya, babanta ya yi yaƙin duniya na biyu yana tuƙa motar kaya a Faransa, ita ta ba ni labarin Isaac Woodard, saja ne da aka sallama a Fabrairun 1946, yana cikin kakinsa a hanyar gida 'yan sanda a South Carolina suka sauke shi daga bas suka doke shi har ya makance, kotu kuma ta wanke wanda ya yi. Baƙaƙe sama da miliyan ɗaya suka yi wannan yaƙin amma ba wanda aka ba lambar yabo mafi girma sai 1997 da aka ba mutum bakwai, ɗaya ne kawai yake da rai ya karɓa da hannunsa, Vernon Baker. Ta ce babanta har ya mutu bai taɓa zuwa bikin tsofaffin soja ba. Da Nura ya ce Baba Soja bai taɓa maƙala lambarsa ba ita na tuna.

Nura Kawo:
Jama'a na kira gwaggona yanzun nan, gwangwanin yana nan a ƙasan adakarta! Ta ce lambobi huɗu ne da wani ɗan littafi da ya fara cin asu, akwai lambar sojansa a ciki da hatimi. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga in ɗauko hoto.

Malam Habu Zariya:
Alhamdu lillahi. Littafin sallama ne wannan, ya fi lambobin muhimmanci don na yaƙin duniya na biyu Ingila ba ta buga suna a jikinsu ba. Kada ka sa shi a leda kada kuma ka kai a manne shi da roba, ka ɗauki hoton kowane shafi a inuwa ka saka shi a ambulan. Ka tambayi gwaggo sunayen abokansa da yake ambata, ko laƙabi ne, da garuruwansu, ka ɗauki muryarta a waya. In ka samu lambar bataliyarsa ka turo min zan gaya maka ko runduna ta 81 ce ko ta 82, tunda ya ambaci Kaladan ina kyautata zaton ta 81 ce.

Bukar:
Anti Sadiya ni ma ina da roƙo. Akwai bango a Washington da aka rubuta sunayen sojojin baƙaƙe na yaƙin basasa sama da 209,000, runduna runduna aka jera su. Duk ranar da hanya ta bi da ke ki duba mana ta 55, Nicholas Said, ki ɗauko hoto in kai wa dattawa a gida.

Sadiya:
In sha Allahu Bukar, ina da hutu ƙarshen wata mai zuwa kuma jirgin ƙasa na zuwa kai tsaye daga nan. Ka turo min yadda ake rubuta sunan babansa ma. Nura kai kuma muna jiran hoton jibi, har da gwangwanin.